Talata a Majami'ar Bayan Masaƙa

A Burnley, can gindin tudu, bayan tsohuwar masaƙa,
majami'u biyu na kallon juna
kamar 'yan'uwan da rabon gado ya ɓata.
Ɗaya dardumai ake sayarwa cikinta yanzu.
Ɗayar ce tamu. Mu goma sha ɗaya ne ran Lahadi,
sha biyu in gwiwar Wilfred ta yarda.

Aya guda ce ta raba su, in ji Edna,
tun kakan kakanta na dakon auduga.
Wasu suka ce alheri ya san nasa,
an rufe rajista kafin a kafa duniya.
Wasu suka ce a'a, rijiya ce a bakin hanya,
mai guga ya ja, marar guga a ja masa.
Aka yi ta jan nassi kamar ɗanyen ƙirgi,
kowa na ja wajen gefensa,
har masu rijiya suka ɗauki bencinansu a ka,
suka tsallake titi ana yayyafi,
suka aza tubali da kuɗin burodin 'ya'yansu.

A akwatin ƙarfe na tarar da kundin baiko,
tawada ta koma ruwan ƙasa:
taro, sisi, kwabo biyu daga wata gwauruwa,
domin bishara a ƙasar da ba su iya faɗin sunanta ba.
Na tuna kakata Afiniki a Wusasa
tana ɗaure gyambo, tana haɗa baƙi da yatsa.
Ban ce kwabon gwauruwar ne ya kai gare ta ba.
Allah kaɗai ya san hanyar kwabo.

Shafi na gaba ya daki ƙirjina.
Mai masaƙa ne ya biya kuɗin rufi,
audugarsa kuwa bayi suka tsinka a hayin teku.
Littafi ɗaya ne a hannunsa da bakinsu.
Shi ya ja birki inda aka yi zancen biyayya,
su suka wuce, har inda ruwa ya dāre biyu.
Rufin nan na yoyo har yau.
Ni nake sa bokiti.

Talata muke rabon abinci a ɗakin ƙasa:
gwangwanin wake, taliya, madara, sabulu.
Clegg, ma'ajinmu, mutum ne mai lissafi,
ya ce sai da takardar hukuma, kada a cuce mu.
Yana da gaskiyarsa, an taɓa cutarmu.
Sai ga wani saurayi da jaririya a keken turawa,
ba takarda, ba riga mai kauri,
idonsa a ƙasa kamar ya yar da allura.

Wilfred ya dogara sanda ya miƙe.
Ya ce, Clegg, shekara sittin kana zuwa teburin Ubangiji,
yaushe aka ce ka nuna takarda?
Shiru. Tukunyar shayi kaɗai ke magana.
Clegg ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya cika jaka biyu, ya rubuta a kundi,
don shi ba ya barin komai bai rubuta ba.

Tsohuwar gardamar ce ta sake tsallako titi,
wannan karon da kyallen jarirai a hannu.

Da dare ina aiki a gidan tsofaffi.
Edna ta manta sunan ɗanta,
ta manta ta ci tuwo ko ba ta ci ba,
wato abin da suke kira tuwo a nan.
Amma in na sa ƙafafunta a ruwan ɗumi
sai ta soma zancen makiyayi da kwari mai duhu,
ba tuntuɓe, ba gargada.
Ita da Turancinta, ni da Hausar kakata,
mu ƙare a numfashi ɗaya.
Hawan jininta kan sauka. Na auna, na gani.
Nawa ma, ina jin, amma ba mai auna ni.

Ta kan tambaye ni, wa ya aiko ki?
In ce, ku kuka yi aike, Edna,
zuwa da kai ne ya faɗo kaina.
Ba ta ganewa. Ta ce ruwan ya huce.
In tashi in ƙaro.