Ɗanwake a Bakin Gadar Binuwai

Ranar da na sayar da babur ɗina
ƙafar hagu ba ta gama warkewa ba.
Bawuro ya ƙirga min jaka ɗari da arba'in,
ya hau, ya murɗa, ya bar ni da hayaƙi
da hular kwanon da ba ta da sauran aiki.

Na sayi tukunya, murhu, rabin buhun gawayi,
tiya uku ta wake, garin rogo, kuka da kanwa,
da benci mai gurguwar ƙafa irin tawa.

Garwa ba ni take jira ba.
Daga bakin gada har kwanar kasuwa
ba ka taku goma ba ka tarar da wuta ba:
mai gasa karfasa, mai tsire, mai ƙosai,
mai shayin da ya san sukarin kowa.
Na raɓa tsakanin mai facin taya da Inna Dudu,
wadda ta shekara ashirin da biyu
tana juya waina a tanda guda,
har yatsunta sun daina gaisawa da zafi.

Abokan kabu-kabu suka ja birki, inji na ruri:
"Ilu, kai ne da ludayi? Saura ɗankwali!"
Na yi dariyar da ta tsaya a haƙori.

Ranar farko, kwano huɗu.
Ɗaya mai tikitin kasuwa ya ci, ya yi hamdala, ya wuce.
Rana ta biyu hadari ya kashe min wuta.
Ta uku na ɗauko saura zuwa gida,
aka ci da dare, aka ɗumama da safe,
har autata Tasalla ta ce
ko a mafarki miyar kuka ke bin ta.

Kwana tara Inna Dudu ba ta dube ni ba.
Na goma ta miƙo hannu ba sallama,
ta ɗauki guda, ta tauna, ta tofar.
"Kanwa ta yi yawa.
Kuma kana tsamewa bai taso ba.
Saurin me? Fasinja ka ɗauko?"
Ta goge baki da gefen zane.
"Hantsi nawa ne, yaro. Yamma ta masu kifi.
Je ka nemi lokacin da ba shi da mai shi."

Na nema. Na same shi kwance
tsakanin ƙarfe uku da kiran assalatu:
masunta na hawowa daga kogi, wando jiƙe har gwiwa,
masu gadi na hamma,
direbobin auduga na buga taya kafin hanyar Ngaundere,
cikin kowa na kuka,
gari duk ba murhu ko ɗaya a farke.

Yanzu nakan kunna fitila kare bai gama haushi ba.
In ɗebo ƙullu, in jefa a tafasa,
ya nutse, ya ɓace,
kamar jarin da na zuba.
Sai in riƙe hannuna. In ƙirga numfashi.
Can sai ɗaya ya leƙo, sai biyu, sai tukunya ta cika.
Mai, yaji, albasa. Dala arba'in kwano.
Wanda ya kamo da yawa yakan ce a ƙara ƙwai.

Ban yi kuɗi ba, kada a yi ƙarya.
Mai gawayi yana bi na jaka shida,
ƙafa kuma takan tuna min da kwalta in sanyi ya sauko.
Amma kafin Inna Dudu ta dasa tanda
na wanke tukunya, na share mata wuri,
takan ce "Hmm", wannan ita ce gaisuwarmu.

Makon jiya wani yaro ya sauke kaya tsallaken titi.
Sabuwar tukunya, tana ƙyalli kamar ba ta san wuta ba.
Ɗanwake.
Da asuba.

Ban gaishe shi ba.
Ina kallon yadda yake tsamewa da wuri,
harshena yana ƙaiƙayi.

Yau kwana takwas ke nan.