Ƙofa Biyu, Kabad Ɗaya

Gidana na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da sha bakwai daga titi.
Iskar teku ba ta san sallama ba,
ta taga take shigowa
ta kaɗa rigunan da na rataye a ɗaki.

Kabad ɗina ƙofa biyu gare shi.
Ta hagu tana kuka in an buɗe,
nan nake ajiye abin da hannuna ya yi.
Ta dama shiru take kamar mai laifi,
nan 'yan kanti suke, kowa da lamba a ƙeya,
ban san idon wa ya yi ja ba
a daren da aka yi musu ɗinki.

Keken Goggo Eulalia na gada,
baƙi, mai feda, ƙafarsa ɗaya a kan kwali.
Ran da muka dawo daga rufe ta
na dafa shi na rantse, kyanwa ce shaida:
ba ni ba sa abin da ban ɗinka ba.
An ce baki shi ke yanka wuya.
Ni nawa wuyan riga ya yanka, wannan baki.

Wata biyar ina cika alkawari.
Sai Yuni ya zo da ruwansa na sanyi,
na yi wa kaina rigar ruwa, dare uku ban runtsa ba.
Ashe duk inda allura ta bi
ƙofa ta buɗe wa ruwa.
Na isa kantin magani ina ɗiga kamar tsumma,
Nibaldo ya miƙo mini tawul
yana cije dariya, wai yana lissafin aiki.

Wandon jins ya karya mini allura huɗu.
Na biyar ɗin ban saka ba.
Na sauka kasuwar Lahadi, gun masu gwanjo,
na sayi wando, na sayi rigar ruwa rawaya,
na hau tudu ina ɓoye leda a hammata
kamar Goggo na leƙe ta taga tana tsaki.

Amma kanti bai san ni ba.
Bai san kafaɗata ta hagu ta fi sauka,
shekara ashirin tana ɗaukar jaka.
Aljihun da yake ba mace
ko makulli ba ya kwana a ciki.

Koriyar rigata kuwa, ta ƙofar hagu,
kalmasarta ta karkace ta baya, na sani,
amma aljihunta na cin lemo biyu,
da kuɗin mota, da hannuna in sanyi ya matsa.
Ita ta san inda na ƙaru bara,
ba ta faɗa wa kowa ba.
Awo ɗaya aka yi mata a duniya: wannan jiki.

Yanzu rigimar ta koma kan baƙin kwat.
Da kuɗina na saye shi, ba musu.
Sai na farke shafinsa da ya ruɓe
na sa labulen Goggo mai furanni,
na cire maɓallan roba na sa na ƙaho,
na rage hannu, na ɗaga kafaɗa ɗaya.
Ximena ta shafa shi ta ce, "Fresia, ina kika samo?"
Na buɗe baki, na rasa ta wace ƙofa zan amsa,
muna tsaye ana kiɗa a wajen biki.

Ban rataye shi hagu ba, ban rataye shi dama ba.
Yana kan kujerar keke, kyanwa ta mai da shi gado.

Gobe Litinin, an ce da hadari.
Na fitar da wandon gwanjo,
da farar rigar da na gama jiya
saura maɓalli ɗaya,
zan sa shi da safe, in shayi yana tafasa,
kafin in fara ƙirga matakala zuwa aiki.