Lamba Ashirin da Takwas

Likita a Cáceres ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
ya ce, "Eulogio, kafaɗar nan ta gama bauta.
Ka ƙara ɗora mata lamba sha biyu,
sai dai a riƙa saka maka riga."

Ran Talata na naɗe bindigar babana a bargo,
na gangara Trujillo, kantin Amparo,
bayan dandali, inda shamuwa ke sheƙa a hasumiyar coci.

Kantin na warin mai da sabuwar fata.
Ta zaro wata 'yar siririya daga jere,
baki biyu, ɗaya goye da ɗaya,
ba kafaɗa da kafaɗa irin ta tsoho ba.
Na ce, "Wannan ai ta jikokina ce."
Ta ce, "Ɗauka."
Na ɗauka, hannuna ya zarce sama
kamar wanda ya yunƙura wa tulu ya tarar ba ruwa.

Lissafinsu a juye yake:
lamba na hawa, rami na tsukewa.
Wai ka raba laba guda ta dalma gida ashirin da takwas,
ka mulmula kashi ɗaya,
faɗinsa ke nan faɗin bakinta.
Tana bayani tana goge tabarau,
ni idona na kan 'yar takardar farashi
mai lilo a jikin kunama.
Rabin kuɗin zaitun ɗin bana, har da ɗori.

Ta sa na rufe ido, na kai katakon kumatu,
na buɗe.
Ta auna daga gwiwar hannu zuwa manuniya,
ta ce a rage gindin da faɗin yatsa.
"Harsashinta ya fi tsada, kada ka ce ban faɗa ba.
Ƙwayar ciki kaɗan ce,
ba ta rufa wa mai kuskure asiri."

Sannan ta warware bargon.
Ta karya bindigar babana, ta leƙa ramukan ga haske,
babban yatsanta ya tsaya a kan lotsawar nan
ta ranar da alfadari ya kayar da shi a kan katanga.
Ta yanka kuɗi.
Ni da ke jan ciniki a kan buhun taki har rana ta karkata,
ban ce ƙala ba.

Mako uku takardu na hannun jandarma.

A filin harbi, bayan tsohon injin matsar mai,
wani yaro Nicanor ke danna maɓalli.
Faifan yumɓu ruwan lemo na fita kamar an kore shi,
ashirin da biyar, na fasa shida.
Kowane harbi sai na runtse ido ina jiran duka,
dukan bai zo ba.
Shekara arba'in jikina na biyan wannan haraji,
an yafe masa, ya ƙi yarda.
Yaron ya ce, "Kawu, kana harbin inda ya baro."

Remedios ta tambayi farashi a kan miya.
Na faɗi rabi.
Ta ce, "To rasit ɗin aljihun kwat ɗinka na wani ne,"
ta ƙara mini burodi.

Oktoba, raɓa har gwiwa.
Canela ta daskare gindin wani kurmi, ƙafa ɗaya a sama.
Makwarwa biyar masu jan ƙafa suka tashi da gurnanin fiffike.
Bakin ƙasa ya ci iska.
Na wuce gaban ta ƙarshe da faɗin tafi,
bakin sama ya yi tari,
ta ninke.

Da ɗuminta karyar ta kawo mini ita.
Na tsaya ina lalubar kafaɗata
kamar mai neman maɓallin da ya tsinke.

Har yau ta babana na tagar Amparo,
an goge ta, an rataya mata takarda.
In na je sayen harsashi
ta ƙofar lungu nake shiga.