Kashi Talatin da Bakwai

Lita biyu na saya da kuɗin aljihuna
a gidan man da ke kusa da Gawon Nama.
Na zuba wa janareto, na ja igiya sau huɗu
kafin ya yi tari, ya yarda.
Minti arba'in ke nan, in bai yi fushi ba.

Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ɗakinmu,
bakwai ke da rai.
Sauran huɗun mun lulluɓe su da tsohon labule,
sun yi sahu a jikin bango, ba mai tambayar lafiyarsu.

Yara ashirin da shida, saura kwana tara jarrabawa,
irin wadda biro ba ya shiga,
sai yatsa, sai linzami, sai agogon da ke cin lokaci a kusurwa.
Zafin bazara ya hau kan kwano ya miƙe ƙafa,
fanka ɗaya na juya shi daga wannan kai zuwa wancan.

Na danna.
Fuska bakwai suka yi shuɗi lokaci guda
kamar sun haɗa baki tun da dare:
Ana sabuntawa. Kada ka kashe.

Wa ya aike ku?
Shekaranjiya kuna ina,
da wuta ta kwana tana ci ba wanda ya roƙe ta?

Jaɓɓi ya ɗaga hannu daga baya.
"Malam, mi taka jira?"
Na ce kaya take canzawa.
Ya ce, "To mu mun ce na jikinta sun yi dauɗa?"
Aka yi dariya. Ni ban yi ba,
kunnena na wurin janareto, ina jin yana shanye albashina.

Kashi goma sha biyu.
Ɗigo-ɗigo na zagaya juna
kamar akuya a turke, tafiya ba barin gida.

Watan jiya burauza ce ta yi mini haka.
Na kwanta na san ƙofar kowane shafi,
na tashi an mayar da ƙofa inda taga take.
Ta manta kalmar sirrina,
sannan ta ce in tabbatar mata ni mutum ne,
in zaɓo mata hotunan da ke da gada.
Ni da na aurar da 'ya,
ni da furfura ta ci rabin gemuna a wannan ajin.

Kashi talatin da bakwai. Nan ta kafe.

Sai Marwanatu ta buɗe jaka
ta fito da kwalin taliya da ta yanke,
ta zana masa madannai da jan biro,
kowane harafi a gidansa, har da dogon nan na ƙasa.
A Mabera, a kan tabarmar kakarta, da shi take koyo.
Ta aje shi a cinyar Ige, ta kama mata yatsa:
"Nan za ki taɓa in kin tabbata. In ba ki tabbata ba, wuce, ki dawo."
Jaɓɓi ya yage bayan littafinsa yana kwafa.
Kafin in juya, aji ya cika da ƙarar yatsu a kan takarda
kamar farkon yayyafi.

Ban ga lokacin da ta motsa ba.
Sittin. Tamanin da tara. Ɗari.
Fuska bakwai suka washe: Barka da zuwa.
Janareto ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Fanka ta ƙarasa zagayenta a hankali.

Da la'asar shugaba ya aiko da rajista.
Akwai layin da ke tambaya ko an yi darasi.
Na daɗe riƙe da biro.
Na rubuta: an yi.