Kwanan Watan Yau

A Valparaíso, can saman tudu,
Eulalia ta zaro tsohon faifai daga gwangwanin biskit.

Jikanta Nicanor ya ce, "Kaka,
sabuwar manhaja ba ta jin yaren tsohuwar,
sai an nemo musu tafinta."
Ya danna, ya jira, ya sake dannawa.
Koren layi na jan ciki kamar dodon koɗi,
shayi ya huce a kofi.

Wasiƙu dubu biyu da sha ɗaya
na Anselmo, ƙanenta, makanikin jirgin ruwa,
daga Busan, daga Callao,
daga inda babu suna sai ruwa.
Shekara tara ke nan teku ta ƙi maido shi.

Wasu haruffa sun karye a hanya.
Inda ya rubuta gobe da harshensu
alamar tambaya ta zauna a tsakiyar kalmar.
Hotuna uku sun ƙi buɗuwa.

Kwanan wata kuwa ya salwanta,
manhaja ta buga wa kowace hatimin yau:
biyar da kwata, ba a karanta ba.

"Kuskure ne, bari in gyara."
Ta dafe masa hannu.
"Bar shi. Yau ƙanena ya rubuto mini
sau dubu biyu da sha ɗaya."

Ta gyara tabarau, ta buɗe ta sama.
Yana ƙorafin miyar jirgi ba gishiri,
yana tambaya ko rufin kicin
na yoyo har yanzu.

Ta ɗaga kai.
Yana yoyo.