Bakwai Mai Ɗamara

A aji huɗu, a wata firamare ta Nasarawa Gwom,
ni ne monita.
Takarda a hannu, biro a bayan kunne,
aikina rubuta sunan masu surutu.

Ranar Litinin aka kawo shi, karatu ya yi nisa,
sanyin Jos ya farfasa masa leɓe.
Babansa ya tsaya bakin ƙofa, naɗi har hanci,
maigadi ne a gidan wani dillalin kuza.
Malam Sambo ya ce, sunanka?
Ya ce, Agali.
Wani daga baya ya ce, Algaita!
Aji ya fashe. Malam ma ya kare baki da rajista.
Daga ranar sunan ya mutu.
Buzu, share allo. Buzu, ina raƙuminka?
Buzu, wai da gaske a garinku ba a wanka?

Hausarsa ta Agadas ce, tana ɗingishi a kunnenmu.
In ya buɗe baki sai mu jira ta faɗi.
Sai ya daina buɗewa.

Lissafi kuwa, kamar shan ruwa.
Yana ƙirga a zuci da Faransanci, leɓe na motsi,
ya riga mu duka ajiye fensir.
Amma bakwai ɗinsa na da ɗamara a ƙugu,
haka aka koya masa can.
Malam ya zaro jan biro: nan ba Nijar ba ce.
Goma bisa goma ta koma huɗu.

A jikin benci ya zana wasu alamu da ƙusa,
da'ira, ɗigo-ɗigo, sanda a kwance.
Nanbam ta ce tsafi ne. Hamisu ya ce asiri ne.
Ban taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.
Aka ja benci baya, aka bar masa fili
kamar mai ƙyanda.
Sai da na girma na ji ashe rubutunsu ne.
Ƙila sunan uwarsa ya rubuta.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Duk ranar da Malam ya dawo daga ofis
ya ce, monita, kawo suna,
masu surutun abokaina ne,
da su nake cin awara lokacin tara,
da su nake bin bakin Dilimi zuwa gida.
Sai in rubuta wanda bai ce uffan ba.
Harafi huɗu. Ko sunan nasa ban ba shi ba.
Ya miƙa tafi, bulala shida,
idonsa a kaina, ba kuka, ba tambaya.

Da aka zo cika fom na jarrabawa
akwai layin da ya ce: ƙaramar hukuma.
Ya riƙe fensir a kai har aka kaɗa ƙararrawa.
Bayan hutu bencinsa babu kowa.
Wasu suka ce Arlit, wasu suka ce Bukuru, yana taya babansa gadi.
Ba wanda ya je ya duba.

Yanzu ina da shagon yadi a Taminus,
ina rubuta bashi a dogon littafi.
Jiya ɗana ya leƙa ya ce, Baba,
me ya sa bakwai ɗinka ke da layi a tsakiya?
Ban san ranar da hannuna ya ɗauka ba.
Na ce masa, je ka turo ƙofa,
sanyi na shigowa.