Takardar Auna Kai

Malama Rakiya ta ce kowa ya auna kansa,
shafi guda, kafin Alhamis.
Na zazzage jaka a kan tabarma,
na ciro rubutuna na makon farko.

Jan biro ya yi masa jina-jina
kamar inda aka yanka zakara.
Jimla ɗaya ta taso daga Ƙofar Ƙaura
ba birki, ba waƙafi, ba aya,
sai da ta kai Batagarawa ta faɗa rami.

Kowane sakin layi nakan buɗe shi da
"masu iya magana sun ce."
Ta rubuta a gefe:
"Na ji nasu. Kai fa, Sagir, me ka ce?"
Kwana uku ina jin haushinta.

A mako na tara na rubuta keken ɗinkin Baba,
yadda yake tari in ya ci yadi mai kauri,
da almakashin da ba ya ba kowa aro.
Nan na gane yanka ba ɓarna ba ce:
na zubar da kalma arba'in, rigar ta zauna.

Da sauran aiki.
Kammalawata takan zo a guje
kamar za a rufe ƙofar kwaleji,
kuma ina manta lanƙwasa,
sai ƙasa ta koma kasa.

Na ba kaina bakwai cikin goma.
Na yi jim, na goge, na sa shida.
Gurbin ya yi baƙi.
Na bar mata shi ta gani,
shi ma a zangon nan na koye shi.